Yadda Ake Girki da Gochujang, Kwaɓin Barkonon Koriya

Duk wanda ya buɗe jar robar gochujang a karo na farko, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya samu markaɗaɗɗen barkono irin wanda ya saba da shi, kuma daga wannan zaton ne yawancin kurakuran girki da shi suke farawa. Gochujang, wanda ake furtawa kamar "gocujang", kwaɓi ne mai kauri da danƙo, launinsa ja mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Idan aka ɗanɗana shi a bakin cokali, zaƙi ne yake fara zuwa, sai gishiri ya biyo baya tare da wani ɗanɗano mai nauyi irin wanda daddawa take ba wa miyar kuka, sannan daga ƙarshe yaji ya taso a hankali ya zauna a maƙogwaro. Ga mutumin da ya tashi da attaruhu a miyarsa ta kullum, zafin nasa ba wani abin tsoro ba ne. Abin da ya kamata a koya shi ne yadda ake sassauta kaurinsa, da yadda ake daidaita zaƙinsa da gishirinsa, da kuma yadda ake kare shi daga ƙonewa, domin wanda ya iya waɗannan zai iya fitar da abinci kala-kala daga roba guda.

Sanin abin da ke cikinsa yana taimakawa wajen sanin halinsa a kan wuta. Ana haɗa shi ne da garin busasshen jan barkono, da shinkafa mai danƙo, da gishiri, da ruwan tsiron sha'ir, da kuma garin meju, wato waken suya da aka dafa, aka kirɓa, aka cura, aka rataye shi ya bushe har ya ruɓa yadda ake so. Meju ɗin nan ɗan'uwan daddawar waken suya ne, kuma shi yake kawo wannan ɗanɗano mai nauyi. Tsiron sha'ir kuwa aikinsa shi ne ya mai da sitacin shinkafar ya zama sukari, kamar yadda tsiron hatsi yake zaƙaƙa kunun zaƙi. A al'adance ana zuba kwaɓin a cikin tulunan ƙasa da ake kira onggi, a jera su a wani dandamali a tsakar gida inda rana take bugawa, a riƙa buɗe murfin idan gari ya yi haske, a rufe idan hadari ya taso, har tsawon watanni. Barkono kansa baƙo ne a Koriya, domin asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya isa can, alhali mutanen ƙasar sun daɗe suna ruɓar da waken suya tun kafin zuwansa. Gundumar Sunchang da ke yankin Jeolla a kudu maso yammacin ƙasar ita ce ta fi suna wajen yin gochujang, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adar haɗa irin waɗannan kwaɓe-kwaɓe, waɗanda Koriyawa suke kira jang, a cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin dubawa kafin a saya

Ana samunsa a manyan kantuna da shagunan da ke sayar da kayan abincin Asiya, da kuma wajen masu sayarwa ta intanet. Launin roba yana shiryar da mai saye: ja ita ce ta gochujang, ruwan ƙasa ta doenjang ce, wato kwaɓin waken suya zalla wanda ba shi da barkono, mai launin kore kuma ta ssamjang ce, wanda gaurayen biyun ne. Kamfanoni da dama suna rubuta matakin zafi a jikin robar daga 1 zuwa 5, kuma na 3 shi ne matsakaici, wanda ya ishi kowane girki da za a ambata a nan.

Abin da ya fi launi da lamba muhimmanci ga Musulmi shi ne jerin kayan haɗin da ke bayan robar. Yawancin gochujang na masana'anta ana ɗan zuba masa sinadarin barasa domin ya tsayar da ruɓa, kada kwaɓin ya ci gaba da kumbura a cikin roba, kuma ana rubuta shi da sunan "alcohol" ko "ethyl alcohol". Akwai wanda ake yi ba tare da shi ba, mai ɗauke da tambarin halal, domin kamfanonin Koriya suna yin irinsa saboda kasuwannin Indunusiya da Malesiya da ƙasashen Larabawa. Ni shi nake nema, kuma shi nake ba kowa shawarar ya nema, don mutum ya ci abincinsa hankali kwance. Haka nan idan aka ci karo da bayanin girkin Koriya da ya ce a zuba ruwan giyar shinkafa a jikin nama, babu asarar komai idan aka bar shi, domin ɗan ruwan lemun tsami da citta suna kashe ƙarnin nama sarai. Wanda jikinsa ba ya karɓar alkama shi ma ya karanta, saboda da yawa daga cikinsu akwai alkama a ciki. Ga mai farawa, roba mai nauyin giram 500 ta isa ta kai shi watanni.

Haɗin da kusan komai yake fitowa daga gare shi

Koriyawa ba su cika cin gochujang tsura yadda ya fito daga roba ba. Kusan kullum sai sun kwaɓa shi da wasu abubuwa, kuma haɗin da ya fi yawo a girkinsu mai sauƙi ne: babban cokali 2 na gochujang, babban cokali 1 na soya sos (wato baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya), babban cokali 1 na zuma ko sukari, ƙwayar tafarnuwa 3 da aka daka, da ƙaramin cokali 2 na man riɗi. A juya su a ƙaramin kwano har su zama abu guda, sannan a ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu har kwaɓin ya riƙa zuba daga cokali a hankali kamar zuma. Man riɗin da ake nufi shi ne wanda aka matse daga soyayyen riɗi, mai duhu da ƙamshi, kuma ba a suya da shi, ƙamshinsa ake so. Wanda bai same shi ba zai iya soya riɗi a busasshen kasko har ya fara tsalle, ya daka shi sama-sama a turmi, ya haɗa da ɗan man gyaɗa.

Kada a taɓa gishiri ko dunƙulen ɗanɗano sai an gama an ɗanɗana. Gochujang da soya sos kowannensu yana ɗauke da gishiri mai yawa, kuma hannun da ya saba jefa dunƙule biyu a tukunya tun kafin ta tafasa shi ne yake fara ɓata wannan abinci. Idan kuma aka ji zaƙin ya yi yawa, wanda hakan yakan faru da na masana'anta domin ana ƙara masa ruwan sukari, sai a rage zumar zuwa rabi. Wanda yake son ƙarin zafi ya ƙara garin barkono ko yankakken attaruhu, kada ya ƙara gochujang, saboda ƙara shi yana ƙara zaƙi da kauri da gishiri ne fiye da yadda yake ƙara yaji.

Maganar wuta ita ce wadda na fi so a riƙe. Ranar da na fara girki da shi, na ɗora kasko, mai ya yi zafi sosai, na zuba albasa, sannan na kawo cokali biyu na gochujang na saka da niyyar in soya shi kamar yadda ake soya tattasai da tumatir har mai ya taso. Ban kai ga ɗauko nama daga kwano ba gefen kwaɓin ya yi baƙi, ya manne a gindin kaskon, hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya cika kicin, abincin kuma ya fito da ɗaci wanda babu abin da ya iya gyara shi. Dalilin a fili yake: tumatir ruwa ne ya cika shi, shi kuwa wannan sukari da sitaci ne, kuma sukari ba ya jure mai mai zafi. Saboda haka ko dai a sa shi a wuta kaɗan a riƙa juyawa na minti ɗaya kacal, ko a sa shi bayan nama da ganye sun saki ruwansu, ko kuma a narkar da shi a cikin romo.

Kaza da kabeji irin na Chuncheon

Idan za a fara da girki ɗaya, a fara da dakgalbi, abincin da garin Chuncheon na lardin Gangwon ya yi suna da shi tun shekarun 1960, inda ake soya shi a kan wani faffaɗan farantin ƙarfe a tsakiyar tebur, masu ci suna zaune kewaye da shi. Kayan haɗinsa duk suna kasuwa: cinyar kaza rabin kilo da aka cire wa ƙashi, kwatan kabeji, dankalin Hausa guda ɗaya, albasa ɗaya, karas ɗaya, da ganyen albasa. Cinya ta fi ƙirji dacewa domin ba ta bushewa. A yanka naman gutsi-gutsi daidai loma, a haɗa masa babban cokali 3 na gochujang, 2 na soya sos, 1 na sukari, 1 na garin barkono mara zafi sosai, tafarnuwa 4, ɗan yankin citta da aka goge, da ƙaramin cokali 1 na kori, wanda masu dakgalbi da yawa suke sakawa. A cakuɗa da hannu har kowane yanki ya yi ja, a rufe a ajiye na minti 30 aƙalla. Idan za a wuce awa ɗaya, a sa a firiji.

A yanka dankalin siri-siri, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita, domin shi ne yake fin komai jinkirin nuna. Kabejin kuwa a yanka shi manya-manya, tun da zai yi laushi ya ragu ƙwarai. A zuba babban cokali 2 na mai a faffaɗan kasko a kan matsakaiciyar wuta, a shimfiɗa kabeji da dankali da karas da albasa a ƙasa, sannan a ɗora naman a samansu. Wannan jerin shi ne sirrin girkin, domin ganyen ne yake taɓa ƙarfe, yana sakin ruwa, naman da ke ɗauke da kwaɓin kuma yana turaruwa a sama ba tare da ya kama ba. Bayan minti 4 ko 5, idan aka ji ƙarar kaskon ta sauya daga ƙarar suya zuwa ta tafasa, sai a fara juyawa. A ci gaba da juyawa lokaci-lokaci na minti 15, idan aka ga yana neman kamawa a zuba ruwa cokali uku. Ya nuna idan cokali ya ratsa dankalin ba gardama, aka tsaga nama mafi kauri aka ga babu ja a cikinsa, romon kuma ya kafe ya lulluɓe komai yana ƙyalli. A watsa ganyen albasa da riɗi a sauke.

Kada a wanke kaskon da an gama ci. A Chuncheon idan nama ya kusa ƙarewa, sai a zuba dafaffiyar shinkafa a kan ragowar romon, a ƙara ɗan gochujang da man riɗi, a juya, a danne ta da bayan cokali ta bazu, a bar ta minti uku ba a taɓa ba har ƙasanta ya yi ƙanzo. Mutane da yawa wannan ƙanzon suka fi jira fiye da naman, kuma ina ganin suna da hujja, domin duk ɗanɗanon kazar da kabejin da dankalin a nan yake taruwa. Shinkafar jiya da ta huce ta fi sabuwa kyau a wannan aiki.

Shinkafa da ganye a kwano ɗaya

Bibimbap ma'anarsa cakuɗaɗɗiyar shinkafa, kuma birnin Jeonju ne ya fi shahara da shi. A gidajen abinci ana jera ganyaye kala-kala a kan shinkafa kamar zane, amma a gida abincin ragowa ne, abin da ya saura a firiji shi ake tattarawa. A tsoma alayyafo a tafasasshen ruwa na rabin minti, a tsame a zuba masa ruwan sanyi, a matse shi sosai, a murza masa ɗan gishiri da tafarnuwa da man riɗi. A yanka karas siri-siri a soya shi minti biyu, haka albasa, haka kabeji, kowanne shi kaɗai domin ya riƙe launinsa da ɗanɗanonsa. Kokwamba ɗanye ake sa shi. Idan akwai niƙaƙƙen nama a soya shi da soya sos da tafarnuwa, idan babu ƙwai ya wadatar. A zuba shinkafa mai zafi a kwano mai zurfi, a jera ganyen, a ɗora soyayyen ƙwai a tsakiya. Miyarsa ita ce babban cokali 2 na gochujang, 1 na man riɗi, 1 na ruwa, rabin cokali na sukari, da ƙaramin cokali 1 na ruwan khal. Kowa ya ɗebi daidai bakinsa, ya cakuɗa da cokali har babu farar shinkafa ko ƙwaya ɗaya. Shinkafar Koriya gajeriya ce mai ɗan danƙo, don haka shinkafar tuwo da aka dafa da ruwa daidai, ba tare da ta caɓe ba, ta fi doguwa mai warwara kusa da ita.

Wannan miya idan aka ƙara mata tsami ta zama wani abu dabam da ake kira chogochujang: kashi 2 na gochujang, kashi 1 na ruwan khal ko lemun tsami, kashi 1 na sukari. Ana tsoma dafaffen kifi ko ganye a ciki, ana kuma kwaɓa siririyar taliya da ita bayan an dafa an wanke ta da ruwan sanyi, a ɗora kokwamba da rabin dafaffen ƙwai. A lokacin zafi wannan taliyar mai sanyi tana shiga sosai, kuma ba ta cin minti goma sha biyar.

Romon dankali da awara

Awarar da ake soyawa a unguwanninmu ita ce abin da Koriyawa suke kira dubu, kuma suna cin ta kusan kullum, sai dai sun fi sa ta fara a cikin romo. Ga gochujang jjigae, romo mai kauri da ake ci da shinkafa, ana bukatar naman sa giram 200, dankalin Turawa 2, albasa 1, da ɗanyar awara wadda ba a soya ba, kuma ba a sa mata attaruhu da albasa a ciki ba. Lokacin wanke shinkafar da za a ci da shi, a zubar da ruwan farko, a tara na biyu ko na uku kofi 3. Matan Koriya da wannan farin ruwan suke dafa romo, domin sitacin da ke cikinsa yana ɗaure romon ya kuma tausasa kaifin yajin. A soya naman da ɗan mai har ya sauya launi, a rage wuta sosai, a sa babban cokali 2 na gochujang a juya na minti ɗaya, sannan a zuba ruwan shinkafar. Idan ya tafasa a sa dankali da albasa, a bar su minti 12 zuwa 15, a ƙara tafarnuwa da cokali ɗaya na soya sos. Awara ita ce ta ƙarshe, minti biyar ya ishe ta, kuma a daina juyawa da ƙarfi da zarar ta shiga don kada ta farfashe. A Koriya ana yawan ƙara ɗan doenjang a wannan romo, wanda ba shi da shi kuma ya sa ɗan garin daddawa kamar rabin ƙaramin cokali, zai samu kusan wannan nauyin ɗanɗanon.

Soyayyar kaza ma tana karɓarsa. A ɗauki haɗin farko da aka bayyana, a ƙara masa babban cokali 2 na ketchup da ƙarin cokali ɗaya na zuma, a ɗumama a kasko a wuta kaɗan har ya fara ƙananan kumfa, a kashe wutar, a zuba kazar da aka riga aka soya a juya ta har ta lulluɓe. A ci nan take kafin ɓawon ya yi laushi. Idan gashi za a yi a kan gawayi, sai naman ya kusa nuna sannan a shafa kwaɓin, a minti biyar na ƙarshe, saboda dalilin da ya sa ba a soya shi a mai mai zafi.

Akwai kuma wani tsohon haɗi da ake kira yakgochujang, wanda yake da amfani ga gidan da ba a samun lokacin girki kullum. A soya niƙaƙƙen naman sa giram 150 da tafarnuwa har ruwansa ya ƙone, a rage wuta, a zuba kofi ɗaya na gochujang da rabin kofi na ruwa, a riƙa juyawa da muciya ko cokalin katako na minti 10 ba tare da an matsa daga wurin ba, domin yana tsalle kuma yana saurin kamawa. Idan ya yi kauri a sa babban cokali 2 na zuma da 1 na man riɗi, a juya a sauke. Bayan ya huce a zuba a kwalba mai tsabta a sa a firiji, a cinye shi cikin mako biyu. Cokali ɗaya a kan shinkafa mai zafi da ƙwai ya zama abincin dare, haka kuma ana naɗe shi da loma ɗaya ta shinkafa a cikin ganyen latas a kai baki gaba ɗaya.

Game da ajiyar robar kanta, da zarar an buɗe ta wurinta firiji ne, inda za ta yi watanni ba ta lalace ba. A riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, domin ɗigon ruwa ko ɓurɓushin abinci shi ne yake jawo fumfuna, a kuma shafe saman kwaɓin ya kwanta kafin a rufe. Launinsa yakan ƙara duhu da daɗewa, samansa ya ɗan taurara, kuma hakan ba lalacewa ba ne, ɗan ruwan ɗumi a kwano yana dawo da laushinsa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara a sayi ƙaramar roba, a ajiye ta a wuri mafi sanyi a ɗaki nesa da murhu da hasken rana, a kuma yi ƙoƙarin gamawa da ita cikin 'yan makonni. Idan aka ga murfin ya kumbura sosai, ko fumfuna ta fito, ko warinsa ya sauya ya zama mara daɗi, a zubar da shi a sayi wani. Cokulan katako da robobin ajiya suna ɗaukar jan launinsa, saboda haka a wanke su da wuri, ko a ware masa cokali ɗaya da kwalbar gilashi.